Injin motar da muka gada ya gaji: a fasa shi ko a sayo na hannu?

Assalamu alaikum, Malam. Ina da babbar mota mai taya shida, injin gas, wato dizal, mai silinda shida, wadda mahaifinmu ya rasu ya bar mana ni da yayana. Ni nake tuƙa ta, a ƙarshen wata mu raba abin da aka samu. Agogonta ya wuce kilomita 780,000 kuma ba a taɓa buɗe injin ba. Wata biyar ke nan da ta fara shan baƙin mai, yanzu ya kai lita 1 a duk kilomita 400. Tana fitar da shuɗin hayaƙi, da safe sai na daɗe ina murza makulli kafin ta tashi, in kuma na ɗauko kaya na zo hawa sai ta riƙa nishi kamar za ta tsaya. Bakanikena, wanda ya shekara 9 yana duba ta, ya ce a fasa injin, wato a kwance shi a sabunta kayan cikinsa. Yayana ya ce fasa tsohon inji zubar da kuɗi ne, a sayo na hannu, har an turo masa hoton wani a waya. Matata kuwa cewa ta yi a sayar da motar a huta. Abin da muka tara zai ɗauki ɗaya ne kawai a cikin biyun, shi ma da ƙyar, sabon inji kuwa ko zancensa ba a yi. Ina tsoron in bi bakanike aikin ya lalace yayana ya ce ni na ja, kuma ba na son a ce a hannuna motar Baba ta mutu. Ka ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya albarkaci abin da ya bari.

Bari in fara da abin da ka rufe wasiƙarka da shi, domin na lura shi ne yake hana ka barci fiye da hayaƙin. Injin da ya yi kilomita 780,000 ba a taɓa kwance kansa ba, bai mutu a hannun kowa ba, aikinsa ya yi har ya wuce. Ringi (zoben da ke kewaye da fistin) da metal (faifan ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa) da bawul (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi) kayan cinyewa ne kamar taya, sai dai su a hankali suke ƙarewa. Da kai mai sakaci ne da bai kai haka ba. Saboda haka ka sauke wannan nauyin daga ƙirjinka, don mai jin kansa da laifi shi ne yake gaggawar yanke hukunci, a harkar inji kuwa gaggawa ita ce mai cinye kuɗi.

Abin da na gani a labarinka shi ne mutum uku sun ba ka magani, amma ba wanda ya auna majinyacin. Yayanka hoto ya gani. Maiɗakinka damuwarka ta gani. Bakanikenka shi ya fi kowa kusa da gaskiya, tunda ya san kukan motar, amma shi ma da kunne da ido ya yi hukunci. Alamun da ka lissafa suna kama da na ringi da silib (hannun rigar ƙarfen da fistin ke kai da komo a cikinsa) da suka cinye, ba na musun haka. Sai dai kowace ɗaya daga cikinsu tana da wani dalilin da ya fi araha. Turbo, wato farfelar da ke cusa wa inji iska, in ya fara yoyo yana tura baƙin mai cikin inji, ya ba ka shuɗin hayaƙi da shan mai daidai da na lalataccen ringi. Robobin bawul in sun bushe suna sa hayaƙi, musamman lokacin tashi na farko da safe. Nozul da ba ya fesa gas da kyau yana kawo wahalar tashi da rashin ƙarfi a hawa. Matatar iska da ta toshe ma tana kashe wa mota gwiwa. Kafin ku taɓa ajiyarku, ku ware ɗan abu kaɗan da kwana ɗaya ko biyu ku auna injin.

Wasu gwaje-gwajen ba sa bukatar komai sai idonka. Ka bari injin ya yi zafi sosai, yana aiki a tsaye, ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. Ɗan tururi kaɗan ba komai ba ne. In kuwa yana busowa da ƙarfi, fuf-fuf-fuf, har ka kifa murfin a bakin ramin ya riƙa rawa yana neman faɗuwa, to matsi ne yake tserewa ta gefen ringi zuwa ƙasa. Bayan ka kashe injin ya huce, ka sa a cire bututun da ya fito daga turbo, a duba ko baƙin mai ya kwanta a ciki, a kuma cire na shigar iska a kama sandar farfelar a girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ana samunsa, amma in farfelar tana gogar jikin gidanta ko tana shiga tana fita, turbon ya gama.

Akwai wani da nake so ka yi da hannunka. Ka kwance bututun da ke tsakanin matatar iska da turbo, ka zura yatsa ciki ka shafa. Na taɓa tsayawa a kan wata mota da aka yi wa ringi sau biyu cikin shekara guda, mai ita yana ta rantsuwa cewa jabun kaya ake sa masa. Wani dattijon bakanike ya zo bai ce uffan ba, ya sassauta ɗaurin bututun nan, ya shafa cikinsa, ya ɗago yatsarsa ta yi jawur da ƙura mai laushi kamar hoda. Da aka lanƙwasa robar sai ga tsaga a ƙasanta, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, inda ido ba ya kaiwa. Ta nan ƙura take shiga ba tare da ta bi matata ba, tana goge ringi da silib kamar takardar yashi. Tun daga ranar ba na yarda da zancen fasa inji sai an nuna mini abin da ya cinye shi.

Sauran gwajin na masu kayan aiki ne. A auna matsin kowace silinda ta ramin nozul, ka tsaya a wurin ka rubuta lambobin guda shida da kanka. Injin gas da zafin matsin iska kaɗai yake kunna mai, shi ya sa in matsi ya ragu tashin safe ne yake fara nunawa. A gwada lambobin da abin da littafin injin ya ce, sannan a duba tazarar da ke tsakaninsu. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, matsalar tana wannan silindar. In duka sun yi ƙasa tare, tsufa ne na bai ɗaya. Kar ka yarda a tsiyaya baƙin mai cikin silinda don a sake awon, kamar yadda ake yi wa injin fetur, domin a injin gas man na iya kamawa da wuta a fasa agogon awon ko a yi ɓarnar da ta fi haka. Wanda ya fi shi fayyace magana shi ne a hura iska mai ƙarfi cikin silindar a saurari inda take fita. In ta ramin baƙin mai take fita, ringi ne. In ta salansa ko ta hanyar shigar iska, bawul ne. In kumfa ta taso a lagireto, gasket ne ko tsaga a kan injin. Sai a ɗaura agogon awo na hannu a ga ƙarfin tafiyar baƙin mai lokacin da injin ya yi zafi, kar a dogara da fitilar da ke gaban direba, ita sai abu ya riga ya ɓaci take kamawa.

Na ƙarshe, a yanka tsohuwar filtar baƙin mai, a warware takardar da ke ciki a shimfiɗa ta a rana. In ka ga 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli, musamman masu launin jan ƙarfe, metal ya cinye har ya kai ƙasansa, kuma wataƙila ya fara taɓa kiranshaf, wato babbar sandar da fistin suke juya ta. In takardar baƙa ce kawai ba ƙyalli, ka gode wa Allah.

Ga dalilin da ya sa na daɗe a nan. Hukuncin duka ya rataya ne a kan abu biyu, bulok, wato gangar jikin injin, da kiranshaf. In suna da lafiya, ni ina bayan bakanikenka. Masu iya magana sun ce da sabon gini gara yaɓe, kuma wannan injin ka san tarihinsa tun daga hannun mahaifinku, ka san bai taɓa bugawa ba, ka san man da yake sha. Yawancin injinan manyan motoci an ƙera su ne da silib da ake zarewa a sa sabo, saboda masu ƙirar sun san ranar nan za ta zo. A irin wannan injin ana iya yin aikin ba tare da an sauke shi daga motar ba: a cire kan injin daga sama, a cire kwanon baƙin mai daga ƙasa, a canza silib da fistin da ringi da metal da gasket, a gyara bawul. Wannan ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi da lokaci. In kuwa naka ba mai silib ba ne, ko kiranshaf ya samu rauni, dole a sauke shi a kai wa masu injin gogewa. Su ne za su faɗaɗa ramin silinda a sa fistin mai ɗan girma, ko su goge kiranshaf a sa metal mai kauri, yawanci mataki-mataki na milimita 0.25 ko 0.50. Aikin yana yiwuwa, amma kuɗin da kwanakin sun ƙaru, kuma daga nan ne lissafin yayanka yake fara yin nauyi.

Shi ma yayan naka ba maganar banza ya yi ba, ka ba shi haƙƙinsa. Duk wanda ya daɗe a harkar mota ya ga injin da aka fasa bai yi wata shida ba ya koma gidan jiya. Amma in ka bi diddigi, abin da ke kashe irin wannan aikin sananne ne: an sa sabon ringi a tsohon silib da ya riga ya zama ƙwai, ba a auna komai ba, an ɗaure kusoshin kan inji da ƙarfin damtse maimakon sifanar da ke nuna awon ɗauri, an haɗa injin a ƙasa iska tana kwaso yashi, ko an sayi kayan da kwalinsu kawai ya yi kama da na gaske. Don haka ka tambayi bakanikenka, cikin girmamawa, da me zai auna kiranshaf da silinda, wa zai duba kan injin ko ya lanƙwashe ko ya tsage, kuma yaya zai tabbatar tsayin da silib ya ɗago a kan bulok daidai yake a duka shidan, tunda wannan ne ke sa gasket ya riƙe ko ya ƙone. Mai sana'a na gaske ba ya jin haushin irin wannan tambayar, daɗi ma yake ji ya samu wanda ya san darajar aikin. In ya ce shi hannunsa ne ma'auninsa, to ka riƙe shi a sauran gyare-gyare, wannan aikin ka kai shi wani wuri. Ka kuma tuna, ba don zargi ba, cewa fasa inji ya fi kawo masa aiki a kan ɗora na hannu. Ɗan Adam ne, shi ya sa lambobi suka fi bakin kowa.

Injin hannu yana da ranarsa. In bulok ya tsage, ko kiranshaf ya wuce gogewa, ko jimillar gyaran ta kusa kamo kuɗinsa, shi ne mafita, kuma ya fi saurin mayar da mota kan hanya. Amma hoton waya cinikin biri a sama ne. An wanke shi, an fesa masa fenti, yana sheƙi, cikinsa kuwa Allah kaɗai ya sani, ta yiwu ya fi naka gajiya. In za ku saya, ku je da bakanike, a tashe shi a gabanku yana da sanyi, ba wanda aka riga aka ɗumama kafin ku iso ba. A yi masa gwajin murfin nan da awon matsi kamar yadda aka yi wa naku. A buɗe murfin saman bawul a ga ko baƙin mai ya daskare ya zama kwalta. A tabbatar lambar ƙirarsa ta yi daidai da ta naku, don inji biyu na iya kama da juna a ido amma mazauninsu ko haɗinsu da giya ya bambanta, in kuma mai kwamfuta ne, wayoyinsa da kwamfutarsa su ƙi jituwa da motar. A rubuta a takarda kwana nawa mai sayarwa ya lamunce, kuma in an dawo da shi kuɗi zai mayar ko wani zai bayar. Ku karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, domin a ƙasashe da yawa lambar tana cikin takardun mota kuma ana bukatar a sanar da hukuma in an canza. Sannan kuɗin injin ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Tunda yana ƙasa, lokacin ne za a canza robar baƙin mai ta bayan kiranshaf, a duba kuloci da famfon ruwa, ga ladan saukewa da ɗorawa. Wanda bai sa wannan a lissafi ba shi ne yake cewa na hannu ya fi araha.

Maganar maiɗakinka kar ka yi watsi da ita don ba ta san sifana ba. Tambayar da take yi a zahiri ita ce, shin sauran jikin motar ya cancanci a zuba masa wannan kuɗin? Ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Ka duba shasi ko akwai tsaga ko tsatsa mai zurfi, ka saurari giya da aksul na baya, ka duba birki da sifirin. In waɗannan suna da ƙwari, motar da aka sabunta injinta za ta ci gaba da ciyar da gida biyu shekaru. In su ma suna jiran layinsu ne, to gaskiya tana wajenta, gara a sayar a haɗa da ajiyar a nemi wadda ta fi ƙuruciya. In ta kai ga haka, ka faɗa wa mai saye halin injin. Kar ka bi shawarar masu cewa a zuba mai mai kauri da maganin hana hayaƙi a rufe ido. Su waɗannan magungunan ba sa mayar da ƙarfen da ya goge, ɓoye alama kawai suke na ɗan lokaci, ko a motarka ko a ta wani. Kuma ka zauna da ita ka nuna mata lissafin baki da baki, domin ina zaton rabin tsoronta na rashin sanin inda aka dosa ne.

Kan kuɗi kuwa, abu ɗaya zan matsa maka. Duk hanyar da kuka zaɓa, kar ta cinye abin da kuka tara gaba ɗaya. Ka riƙe kamar kashi ɗaya cikin biyar a gefe, domin ba a taɓa buɗe tsohon inji a tarar da abin da aka zata kaɗai ba. Ka nemi a rubuta maka kuɗin kaya daban, na aiki daban, na masu gogewa daban, ku kuma yi yarjejeniya cewa ba za a sayi komai ba sai an kwance an auna. Ka lissafa kwanakin da motar za ta yi a tsaye, su ma kuɗi ne. Inda za ka iya tsimi akwai: fistin da aka auna aka ga yana cikin ƙa'ida, nozul da za a iya gyarawa maimakon sabo, fenti da kwalliya. Inda ba a tsimi shi ne ringi, metal, gasket na kan inji, famfon baƙin mai in ya gaji, da kusoshin kan inji in irin waɗanda littafin ya ce sau ɗaya ake ɗaure su ne. A wanke lagireto, a mayar da tamostat in an taɓa cire shi, in kuma an ga ɓarɓashi a filta a wanke hanyoyin mai da masanyayinsa tas, in ba haka ba tsohon datti zai cinye sabon metal. Bashi kuwa, in ba wanda motar za ta iya biya cikin 'yan watanni ba tare da gida ya ji a jikinsa ba ne, ka ƙyale shi.

Saura batun yayanka, wanda nake ganin ya fi na ƙarfen wuya. Motar taku ce ku biyu, saboda haka bai kamata hukuncin ya zama naka kai kaɗai ba, balle laifin. Kar ka je masa da cewa bakanike ya fi shi gaskiya. Ka ce masa, “Yaya, ina so ka zo mu tsaya tare ranar da za a auna, abin da awon ya nuna shi za mu bi.” Ku amince tun kafin a ɗaura agogo: in bulok da kiranshaf lafiya, a fasa; in ba lafiya, a nemi na hannu bisa sharuɗɗan nan; in jikin motar ma ya gaji, a sayar. Gani ya kori ji. Wanda ya ga yadda murfi yake rawa da idonsa, ya riƙe takardar filta a hannunsa, ba zai dawo gobe ya ce kai ka ja ba.

Kafin ranar, ka rage mata kaya, ka duba sandar baƙin mai kowace safiya da kuma duk inda ka tsaya a doguwar tafiya, ka sa ido a agogon zafi. In ka ji ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan injin, ko fitilar mai ta kama, ka kashe shi nan take a ja motar, domin tafiyar minti biyar a wannan halin tana iya mayar da aikin ringi ya zama sayen inji. Ka kuma sani, injin gas da turbonsa ke zubar da mai sosai yana iya fara cin baƙin mansa, ya ɗaga kuka da kansa, makulli ya kasa kashe shi. In ka ga mai ya taru a bututun turbo, kar ka ƙara tafiya sai an gyara.

In Allah ya sa aka fasa, kar ka bar sabon aikin yana ta kaɗawa a tsaye awa da awa da sunan lallaɓawa, hakan yana sa bangon silib ya yi santsi ringi ya kasa zama. Ka ba shi matsakaicin kaya, kana sauya gudu, ka zubar da man farko da filtarsa da wuri kamar yadda masu kayan suka rubuta, a sake daidaita bawul. In ka samu lambobin nan shida da awon baƙin mai, ka aiko mini da su tare da abin da ka gani a yatsarka bayan ka shafa bututun, sai mu ƙarasa maganar. Ka gaida Yaya da mutanen gida.